Kwat ɗin da Ɓarawo Ya Raina

Zuwa ga amaryata mai keken ɗinki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da gwiwar nan taki da ta fi ki ƙorafi. Ni lafiyata ƙalau, sai kewar faɗanki. Ki gaishe min da Inna, ki ce mata ina cin abinci a kan kari kuma ina kwanciya da wuri. Ta zaɓi wanda za ta yarda da shi a ciki.

Wasu kakanninsu gona suka bar musu. Ni nawa da ya tashi barin duniya matarsa ya bar min, kurma kuma, wadda in an kanga mata waya a kunne sai ta ce wa ke niƙa. To sai mu ci gaba da wahalar da Falke da kai-kawon takardu, tunda Allah ya sa hanyar kasuwancinsa ta biyo ta nan.

Kin ce in faɗa miki aikin da nake yi. Gwanjo ne. Wani ƙaton sito ne, motoci suna juye tsofaffin kaya, mu muna warewa. Mai kyau gefe guda, mai dama-dama gefe guda, tsumma kuma a jefa cikin keji. Daga nan inji ya matse su su koma dila, a ɗaure da waya. Shugaban aikin muna ce masa Mai Usur, don ba ya jin yarenmu, mu ma nasa sai tsinta-tsinta, sai dai ya busa mu gane. Akwai wani Dogo da muke tsayawa teburi ɗaya, muke kuma kwana ɗaki ɗaya. Ni da shi mun ƙulla wasa: kowa ya ɓoye wa ɗan'uwansa abu, wanda ya fara buɗe baki ya ce ina kayana shi ya faɗi, shi zai wanke kwanukan ɗayan har mako ya zagayo. Ran nan da takalmi ƙafa ɗaya ya koma gida, bai tambaya ba. Mutumin akwai taurin kai.

Yanzu ki ajiye dariya, ga abin da ya sa na ɗauki biro. A ɗakinmu akwai wani bawan Allah da muke kira Mai Tari. 'Yan sane sun gama da shi a jirgin ƙasa. Ya ce wata mata ce ta duƙa a bakin ƙofa tana gyaran takalmi, mutane suka cunkushe a bayanta, wani ya dafa kafaɗarsa yana ba shi haƙuri. Da ya sauka ya shafa, aljihu yana nan, maɓalli a rufe, amma gindinsa an tsaga da reza. Fasfo da katin zama duk sun tafi. A garin nan wanda ba shi da katin nan inuwarsa ta fi shi daraja. Masu bincike suna faɗowa wurin aiki ba sallama, suna tare mutum a tasha, in ba ka nuna ba sai mota. Yanzu Mai Tari yana kwance a ɗaki, ko shago ba ya iya zuwa, tarin ma a cikin bargo yake yi.

Ni kuma na rasa inda zan sa nawa. In bar su a ɗaki, mun yi yawa, kuma ƙofar da dutse ake tokare ta. In sa a aljihu, kin ji yadda aka yi. Yanzu a cikin safa nake cusa su, ina tafiya kamar mai kaushi, gumi har ya fara cin gefen fasfon.

Na tuna ke kike ɗinka wa marigayi Kaka aljihun ɓoye in zai yi doguwar tafiya. Ki koya min. In kin ƙi kuma, sai in ƙara aure.

Mijinki na har abada,
Ƙadangare

*

Zuwa ga maigidana marar gemu,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka. Gwiwa tana nan yadda ka bar ta, ido ne ya fara yi min rowa, sai na fita tsakar gida nake iya zura zare. Uwarka lafiya, ta ce ba ta yarda da ko ɗaya ba. Aure kuwa ka ƙara, in ga wadda za ta ɗauki mai tafiya da fasfo a tafin ƙafa.

Labarin Mai Tari ya tsaya min a rai. Ku riƙa kai masa abinci, kada ku bari ya ji ya zama kaya.

To buɗe kunnenka, tunda kai naka suna aiki. Ɓarawo da ido yake fara sata kafin hannu ya bi. Tunda cikin tsofaffin kaya kake wuni, ka zaɓi kwat ɗin da ya fi kowane muni, wanda in ka yar a hanya ba mai duƙawa. Ka tabbata yana da shafi a ciki. Ka farke shafin daga ƙarƙashin hammata ta hagu, ba daga ƙasa ba, don abu mai nauyi a ƙasa lilo yake yi, ana gani. Ka naɗe takardun a leda biyu saboda gumi. Ka yanko ƙyalle mai kauri ka yi musu 'yar jaka, ka kama ta da jikin kwat ɗin da zare riɓi biyu, gefe uku. Bakin kuma ka yi masa ɗinki sama-sama, wanda in hukuma ta tsayar da kai za ka ja da haƙori ya buɗe.

Sannan ka nemi tsohon walat ka sa a aljihun baya, kada ka sa komai a ciki. Wanda ya zo nema ya samu abin ɗauka ya tafi.

Abin da ya fi duka: kada ka riƙa shafa wurin. Mai abu a jiki hannunsa ne ke kai rahotonsa. Kakanka da kansa sai da na yi ta bugun hannunsa kafin ya daina.

Ka je inda ake ɗaukar hoton takardu a ɗaukar maka nasu, ka ajiye a wani wuri daban. Kada ka ce gobe.

Wasan nan naka da Dogo kuma ba na son sa. A gida kana ɓoye min almakashi in zage ka a wuce wurin. Can ba gida ba ne. Ka mayar wa bawan Allah takalminsa.

Allah ya tsare, ya rufa asiri.

Kakarka

*

Zuwa ga amarya, sarauniyar masu allura,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan ido ya sassauta. In ya ƙi, ki bari in dawo in riƙa zura miki zaren, ki riƙa biyana da faɗa.

Aiki ya yi kyau. Na samu kwat, kuma wallahi ko ke kika gan shi sai kin kau da kai. Launinsa tsakanin ƙasa da tsatsa, gwiwar hannu ɗaya a huje, maɓallansa ba wanda ya san ɗan'uwansa. Na ɗinka yadda kika ce. Na soki yatsana har sai da Mai Tari ya yi dariya, karo na farko tun da abin ya same shi, don haka jinin bai zuba a banza ba.

Ranar farko da na shiga jirgi da shi, wata tsohuwa ta matsa ta ba ni wuri, wani kuma ya miƙo min ragowar burodi. Walat ɗin ma ya yi aikinsa. Na yanka kwalin shayi daidai girman kuɗi na cika shi, na zana ƙadangare a na sama. Ko mako bai yi ba aka ɗauke. Ban ji komai ba, amarya, ko iska. Sai da na sauka na tarar babu. Na yi dariya a tasha, amma da na zauna na tuna cewa hannun mutum ya shiga jikina ya fita ban sani ba, sai dariyar ta ɗauke.

Hannun kuwa ina fama da shi. Da na ga ɗan sanda sai ya kama hanyar hammata da kansa, kamar mai ƙaiƙayi.

Hoton takardun ban samu zuwa ba tukuna, shagon yana rufewa kafin mu tashi. Ranar hutu in sha Allah.

Abu ɗaya ne ba ki lissafa ba. Kusa da injin matsa zafi ne kamar gidan burodi, ba mai iya wuni da kwat. Sai nake cirewa in rataye a wani ƙusa bayan kejin tsumma, inda idona ke kai. To tun shekaranjiya ƙusan yana nan, kwat babu.

Kada ki tashi hankalinki, na san inda yake. Dogo ne. Tun ranar yake ta fito yana kallona ta wutsiyar ido, jira yake in ce ina kayana. Bai san abin da ke ciki ba, ban faɗa wa kowa ba. Yana ganin sanyin safiya ne zai karya ni. Ni kuma na ɗauke hularsa na cusa a bututun iska. Za mu ga wanda zai wanke kwanukan wani.

Gaskiya dai a ƙafa nake zuwa aiki yanzu, ta bayan layi, ba na bin tasha. Da nisa, amma motsa jiki ne. Jiya na leƙa ƙarƙashin gadonsa da cikin jakarsa ban gani ba. Ya iya ɓoyo, na ba shi wannan.

Ki gaishe da Inna.

Naki,
Ƙadangare

*

Ƙadangare,

Gaisuwa a taƙaice. Muna lafiya.

Takardarka ta daɗe a hanya, motar Falke ta lalace. Na karanta a tsaye, ban iya zama ba. Yau ɗin nan, kafin ka ninke wannan takarda, ka je ka tambayi Dogo. Ka wanke masa kwanuka, ka wanke masa har da ƙafafu in ya so. Wane irin mutum ne zai sa takardunsa a caca saboda kwano?

Kuma wa ya faɗa maka shi ya ɗauka? Ka gan shi? Fito da kallon wutsiyar ido ba shaida ba ne, wataƙila hularsa yake jira ka fito da ita. Kwat ɗin da ka ce ko a hanya ba mai duƙa masa, ka rataye shi a bayan kejin tsumma. Ka sake karanta abin da ka rubuta da hannunka.

In kuma duk tsokana ce don ka hana ni barci, to ka yi nasara, Allah ya shirye ka. Na rasa gane inda wasanka yake ƙarewa.

Falke zai sake juyowa ba da jimawa ba. Kada ya zo min hannu wofi.

Kakarka

*

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Jikina lafiya.

Takardarki ta same ni bayan na riga na tambaya. Abin da kika hango shi ne.

Masu bincike sun zo sito. Da na ji usur ya yi tsawo na gane, sai na kutsa tsakanin dila biyu. Dogo ya gan ni. Ya turo wata dilar ya toshe bakin wurin, ya jingina da ita yana shan ruwa. Ina jin takalmansu suna wucewa, ƙurar kaya ta cika min hanci, na cije hannun rigata don kada in yi atishawa. Duk abin da na haddace a allo sai da na karanta shi a ramin nan.

Da suka tafi ya janye dilar ya ce, kai kuma me ya same ka, ina katinka? Na ce, Dogo, na faɗi, ba ni kwat ɗina. Ya ce wane kwat? Na ce wasa ya ƙare, takarduna suna ciki. Kaka, na ga fuskarsa ta sauya. Ya rantse da Allah bai taɓa shi ba. Shi cokalina ya ɓoye, yana ta jira in tambaya, ni ko lura ban yi ba.

Mun bi diddigi. Wani dattijo ne da aka ɗauka shara kwanan nan. Ya ce ya tarar da shi a ƙasa, ya ɗaga ya duba, ya ga tsumma ne, ya jefa a keji. Ban ga laifinsa ba. Aikinsa ya yi.

Dilar tsumma ba a kai ta jirgin ruwa. Wata masana'anta ce a ɗaya ƙarshen gari take saye, tana da injin da ke daddatsa kaya su koma kamar auduga, a cusa a katifa. Motarsu ta riga ta kwashe na ranar. Da na tambaya tun ranar farko, da dilar tana nan a sito, da hannu zan kwance ta.

Ban faɗa wa Mai Usur ba. In ya sani dole ya sallame ni, doka ta hana shi riƙe marar takarda. Masana'antar kuma ƙafa ba ta kai wa, sai jirgi, kuma babbar tashar da ake sauyawa nan ne 'yan sanda suka fi tsayawa. Ban ma san ko akwai sauran abin da zan je nema ba. Dogo ya ce suna tara dila da yawa kafin su taɓa, ban sani ba ko don ya kwantar min da hankali ne.

Mai Tari ya fita sayen magani, bai dawo ba. Mai shagon ya ce ya ga an sa shi a mota.

Hoton takardun ban ɗauka ba.

An ce ofishin jakadancinmu ba sa sauraron mutum sai da takardar haihuwa ta asali. Tawa tana cikin akwatin ƙarfen marigayi, ƙarƙashin rawaninsa. Ki aiko min da ita ta hannun Falke a wannan juyin. Don Allah kada Inna ta ji.

Jikanki

*

Jikana,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, uwarka ba ta san komai ba.

Ka yafe min, na ƙara maka kwanaki. Da Falke ya miƙo takardarka na karanta sama-sama a bakin ƙofa, na ce ɗan nema ya ƙaro gishiri, don in ɗauko takardar da ba ta da ta biyu in ba hanya, ya yi ta yi min dariya. Ba kai ne ka taɓa rubuto min cewa injin matsa ya haɗiye ka, daga cikin dila kake rubutu ba? Na ce wa Falke ya tafi, babu saƙo.

Sai washegari ina kan keke, ƙafata ta tsaya da kanta. Na ɗauko takardar na sake dubawa. Babu amarya, babu gwiwa, babu kurma. Tun da ka iya riƙe biro ba ka taɓa ce min Kaka a rubuce ba. Ko mayafi ban gyara ba na kama hanyar tasha, na tarar ya tashi tun da safe. Ƙaninsa ne zai taho, shi na ba. Takardar tana cikin hular nan, tsakanin ƙyalle biyu. Ka farke a hankali daga baki.

Yanzu ka ji. Ni ban san injinsu ba, amma na san abin da maɓalli da zif suke yi wa allura. Ba mai hankalin da zai zuba kwat da ƙarafunansa a bakin wuƙa. Dole akwai masu zama da almakashi suna cire su tukuna. Kada ka nufi ofis, kada ka nufi inji, masu almakashi za ka nema. Duk wanda ya riƙe kwat ɗin zai ji abu mai tauri a hammata.

Ka tafi da Dogo. Ka yi wanka, ka sa rigarka mai kyau, ka ɗaga kai. Wannan karon ba ka da abin shafawa, ka bar hannunka ya huta.

Ban san ko wannan za ta same ka a ɗaki ba. In wani ne ya buɗe ta, don girman Allah ya ba ƙanin Falke labarin inda yaron yake.

Kakarka

*

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ni ne da hannuna, ina ɗaki.

Hula ta iso, takarda lafiya. Washegari ranar hutunmu ce, muka tafi da Dogo.

Na sha shiga jirgin nan ina tsoron 'yan sane. Ranar har neman su nake da ido, ina cewa ina ma su ne damuwata. A babbar tasha 'yan sanda suna tsaye a bakin matakala, suna zaɓen wanda za su tsayar. Dogo ya ce in bi bayansa kamar ban san shi ba. Tsawonsa ya ja musu ido, suka kira shi. Ya tsaya yana lalube aljihu ɗaya bayan ɗaya, alhali ya san inda katinsa yake. Na wuce ta gefensu. Ban waiwaya ba sai da na ji hannunsa a wuyana a waje.

Masana'antar tana aiki har ranar hutu. Mai gadi ya hana mu, Dogo ya yi ta yi masa magana da hannu da ƙafa har ya gaji ya nuna mana wata rumfa a baya. Yadda kika faɗa haka yake. Mata ne a jere a kan benci, kowace da almakashi da bokitin maɓallai a gabanta. Bayansu kuma injin yana ci, farin gari yana tashi. Na ga tarin kayan da ya rage, na ga wanda ya riga ya wuce.

Ba mu da yare ɗaya da su. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina nuna hammatata, ina zana ɗan littafi a tafin hannu. Wasu suka yi dariya, wata ta kore ni da almakashi. Can ƙarshen benci wata mai ƙiba da tabarau ta daɗe tana kallona. Ta sa hannu ta juya fuskata gefe, ta kalli kunnena. Sai ta tashi ta ɗaga wani bulo a gindin bango, ta ciro leda.

Ta buɗe, ta dubi hoto, ta dube ni, ta sake duban hoto. Sannan ta miƙo min, ta bi ni da duka a kafaɗa, tana faɗa da yarenta. Ban ji kalma ko ɗaya ba, amma na san faɗan, naki ne sak. Ta nuna ofis ta girgiza kai, wato ba ta kai takardun can ba. Ta ɗan ɗaga gefen rigarta ta nuna min nata katin ɗaure a ƙugu. Ita ma baƙuwa ce.

Katin zama lafiyarsa ƙalau. Fasfo kuwa almakashinta ya riga ya shiga kafin ta ji taurin, ya datse kusurwar shafin hoto har cikin lambobi. Ya mutu. Kwat ɗin ya daɗe da zama katifa. Na ciro abin da ke aljihuna zan ba ta, ta ture hannuna ta koma kan bencinta.

Na kai fasfon da takardar haihuwa ofishin jakadanci. Sun yi min faɗa, sun karɓa, sun ce in jira sabo, zai ɗauki watanni. Kafin nan ba ni da halin fita ƙasar, ko me ya faru a gida. Wannan ne yake cina. Ki kula da gwiwar nan da idon nan har in samu.

Hoton takardu na ɗauka a hanyar dawowa. Ɗaya yana wurin Dogo, ɗaya ga shi cikin wannan takarda, ki sa a akwatin marigayi.

Mai Tari har yanzu shiru. Mun naɗe bargonsa mun ɗora a kan jakarsa. Mai gidan yana so ya sa wani a gadon.

Katin kuma na rasa inda zan ajiye shi. A aljihu ina tsoro, a riga ina tsoro. Da shi nake kwana a hannu, in zan yi wanka a haƙori nake riƙe shi. A wurin aiki duk rigar da na ɗaga sai na matsa hammatarta kafin in jefa a keji, har Mai Usur ya fara busa min cewa ina jinkiri.

Ki gaishe da Inna.

Jikanki

*

Maigidana,

Alhamdu lillahi. Na karanta, na yi sujada a nan tsakar gida, gwiwar ta ƙi tashi sai da uwarka ta ɗaga ni. Ta ce lafiya? Na ce allura nake nema.

Matar nan mai tabarau ta fi ni dabara. Ni kakanka na saba ɗinka wa, shi kuwa ko a rana ba ya tuɓe riga. Abin da ake cirewa a rataye ba ma'aji ba ne. Ga lalita nan, 'yar jakar ɗaurawa a ƙugu, na ɗinka maka da ƙyalle mai laushi, na sa leda a tsakiya. A kan fata ake ɗaura ta, ƙarƙashin singileti, bakin yana kallon ciki. Uku ne. Ɗaya taka, ɗaya ta Dogo, ɗayar ka ajiye a kan bargon Mai Tari, kada ku ba da gadon da wuri.

Ka cire katin nan daga bakinka kafin ka haɗiye shi.

Watanni kuma ba komai ba ne. Ba inda za ni, na riga na faɗa wa gwiwa da ido su jira.

Abu ɗaya ya rage. Takardu biyu ke nan ka aiko min babu ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma ban ji daɗinsu ba. In lalitar ta zauna a jikinka, ka samu barci, ka zauna ka shirgo min wata ƙatuwa, irin wadda zan zage ka a kanta. Da ita zan gane ka warke.

Amaryarka